Gyaran dam ɗin gonar Baba: rubutun aiki

14 ga Satumba, 2024

Yau kwana huɗu da ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, kuma hotunan Maiduguri sun ƙi barin idona: mata da goyo cikin ruwa iya ƙirji, mutane cirko-cirko a kan gada, ruwa har fadar Shehu da asibitin koyarwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa masu asara da alheri.

Abin da ya hana ni barci shi ne mu ma muna da dam. Ƙarami ne, ba ya cikin lissafin kowa. Marigayi Baba ne ya tare wata ƙorama da ta ratsa gonarsa a kudancin Kano a 1981. Lokacin an gama Tiga tun 1974, madatsun da aka gina zamanin Audu Bako sun nuna wa kowa abin da ruwan rani ke yi wa manomi, sai Baba ya sayar da shanu ya ɗauko hayar katafila ya tara ƙasa a bakin kwarin. Jingar ƙasa ce zalla, ba siminti ba ƙarfe. Tsawonta mita 140, tsayinta a tsakiya mita biyar da rabi, kuma idan ya cika ruwan yakan kwanta a kan kusan hekta uku. Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, gona ta dawo hannunmu, amma tun daga ranar babu wanda ya zagaya jingar nan da idon mai neman aibu. In mun zo, tumatir muke zuwa gani.

Da la'asar na tsaya a kanta na juya wa ruwan baya. A ƙasa, tafiyar da ba ta kai minti goma ba, akwai gida 17, na ƙirga su da yatsa. Ina iya hango shanyar kayan yara a kan danga. Daga yau zan riƙa rubuta duk abin da muka gani da abin da muka yi, don kada mu ruɗi kanmu, kuma don wani mai irin wannan gado ya amfana.

5 ga Oktoba

Na ɗauko wani abokina injiniyan ruwa da muka yi makaranta tare, muka taka jingar daga wannan kai zuwa wancan, gaba da baya. Awa uku muka yi. Ba mai yawan magana ba ne, sai dai ya tsaya ya nuna da sanda, ni kuwa ina rubutawa.

Bishiya 11 a jikin jingar, huɗu manya: darbejiya biyu, bagaruwa biyu. Ni duk zatona saiwarsu ce ke riƙe ƙasar, ashe ba haka ba ne. Saiwa tana bin danshi ta ratsa jinga har ta iske ruwa. Ranar da bishiyar ta mutu saiwar ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya kamar an shimfiɗa masa bututu, in kuma iska ce ta tumɓuke ta, da ɓarin jinga za ta faɗi. Mun ga suri uku. Ramukan gafiya da na kurege kuwa sun fi ƙarfin ƙirga. A tsakiya, inda shanu ke haurawa su gangara shan ruwa, kofato ya cinye kan jingar ya yi kwari. Muka auna da tiyon lebur irin na magina, muka tarar wurin ya faɗa da santimita 40, kuma daidai inda jingar ta fi tsayi ne.

Sai mafitar ruwa. Baba ya yanka ta a gefen hagu cikin tsohuwar ƙasar tudu, don in dam ya cika rarar ta kewaye jingar ta koma ƙorama. Asalin faɗinta ya kai mita takwas. Yanzu rabi ya cike da ƙasa da kachalla, saura mita huɗu, kuma a bakin mita huɗun an jera buhunan yashi hawa biyu. Na san wanda ya jera su, na kuma san dalilinsa, domin kowane hawa na buhu ƙarin kwanakin ban ruwa ne a watan Afrilu. Abokina ya auna daga kan buhunan zuwa kwarin da shanu suka yi, santimita 55 kacal. Ya daɗe yana kallon tef ɗin, sannan ya ce, "Malam, Allah ne ya riƙe muku dam ɗin nan bana."

A gindin jingar ta baya akwai wani wuri kamar faɗin tabarma biyu, kore shar, ƙafa tana nutsewa. Ya ce kowace jingar ƙasa tana naso, abin lura shi ne launin ruwan da yawansa. Ya tari ruwan a kwalba ya ɗaga ta a rana, garau yake. Muka gyara masa ɗan lambatu muka tara bokiti mai lita 10, ya cika a minti ɗaya da rabi. Ya ce muddin ruwan garau ne kuma bai ƙaru ba, wucewa kawai yake yi. Amma ranar da ya fito da launin koko, to cikin jingar yake ci yana fitowa da ita, kuma daga nan abin yana iya ƙarewa cikin awoyi. Ta hanya biyu madatsun ƙasa suka fi ɓallewa: ruwa ya hau ta kai ya zaizaye ta, ko ya ci ta ta ciki. Mu duka ƙofofin biyu muka bari a buɗe.

2 ga Nuwamba

Mun yi zama a ɗakin Inna. Ba zama mai daɗi ba ne.

Yaya shi ke zaune a ƙauye, shi ke noma lambun, shi ke karɓar kuɗin fegi a hannun masu noman rani, kuma da kuɗin ake cefanen gidan nan. Ya ce, "Shekara 43 dam ɗin nan yana tsaye. Kai kana birni, ka ga hoto a waya, ka zo za ka zubar mana da ruwan Afrilu." Ban ji haushinsa ba, don nauyin a wuyansa yake. Na ce, "Yaya, ka ba ni minti biyar in karanta maka lissafi."

Ƙasar da ke zubo wa dam ɗin ruwa ta kai hekta 120, mun zagaye ta a taswirar waya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. In aka yi ruwa mai ƙarfi, milimita 60 a awa guda, ko da kashi 40 cikin ɗari ne kawai ya gangaro, ƙoramar za ta riƙa kawo lita 8,000 kowace daƙiƙa, wato durom 40 masu cin lita 200 kowanne. Mafitarmu yadda take yanzu, kafin ruwa ya hau jinga, durom 14 take iya fitarwa. Sauran 26 ɗin fa? Su ne za su taru har su sami kwarin shanun nan.

Na kuma ba su labarin Solai, a yankin Nakuru na ƙasar Kenya. Ranar 9 ga Mayu, 2018, wani dam na ƙasa da ke cikin gonar masu zaman kansu ya ɓalle da daddare bayan ruwa mai yawa, ya bi ta kan gidajen da ke ƙasansa, fiye da mutum 40 suka rasu, da yawansu yara. Ba na gwamnati ba ne, na gona ne irin namu, sai dai ya fi namu girma.

Ɗakin ya yi tsit. Inna ce ta ce, "Mahaifinku ya gina abin nan ne don mutane su ci abinci. Ku cire buhunan." Yaya ya ce to, amma sai ruwa ya ja ƙasa da su da kansa, tun da damina ta wuce. Na yarda, wannan gaskiya ce.

7 ga Disamba

Mun je gaida mai unguwa, ya tara mana liman da ardo da magidantan gidajen ƙasa da masu lambu. Na ce, "Ranka ya daɗe, laifi muka zo faɗa, ba roƙo ba." Na karanta musu duk abin da muka gani, ban rage komai ba. Akwai wanda ya ba ni shawarar in sassauta kada a tsorata mutane, amma wanda ke kwana a ƙasan ruwa shi ya fi kowa haƙƙin sanin halin da jingar ke ciki.

Wani dattijo ya tuna da Bagauda, da ta ɓalle a watan Agusta na 1988 ta tafi da gidaje da gonaki da rayuka. Ya ce ya ga ɓarnar da idonsa. Liman ya kawo labarin madatsar Ma'arib ta ƙasar Yaman, wadda Suratu Saba'i ta ambaci ambaliyarta, ya ce malaman tafsiri sun kawo cewa ɓera ne ya yi ta haƙa a gindinta. Da ya faɗi haka sai samari suka kalli juna, don kowa ya san ramukan gafiyar da ke jikin tamu.

A zuciyata na zo da wata magana, cewa in gyara ya gagara sai mu yanka jingar mu sallami ruwan kowa ya huta. Ban ma ƙarasa ba suka tare ni. A nan na gane ban san dam ɗinmu ba. Masu lambu 14 ke ci da shi. Ruga uku ke shayar da shanu. Masu yin tubali, masu wanki, yara masu kamun tarwaɗa. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne rijiyoyi. Dattijon nan ya ce kafin Baba ya tare ƙoramar, rijiyoyin unguwar sukan ƙafe tun Fabrairu, mata su tafi yashe ƙorama da ƙwarya. Yanzu suna kai wa damina. Ruwan da ke nutsewa ƙarƙashin dam ɗin shi ke fitowa a gugarsu. Liman ya ƙara da hadisin da ke cewa mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Takardar gona da sunanmu take, amma ruwan na gari ne, hatsarin ma na gari ne, gyaran kuwa a kanmu yake.

Mun tashi a kan cewa shanu za su daina hawa jinga, za mu yi musu mashaya ta can saman ruwa. Ardo ya ce shi zai tsawata wa yaransa, muddin ba a toshe burtalin da zai kai su can ba. In hatsari ya taso za a sanar ta lasifikar masallaci, kowa ya nufi filin idi da ke kan tudu.

11 ga Janairu, 2025

Aikin gayya, mutum 31. Mun sare ƙananan bishiyoyi bakwai da duk kuykuyon da ya rufe bayan jingar, har yanzu ana iya ganin jikinta tas daga sama zuwa ƙasa. Manyan huɗun sai ruwa ya ja sosai. Yaya da hannunsa ya kwashe buhunan. Mata sun kawo fura da dambu.

8 ga Fabrairu

Mai katafila ya wahalar da mu. Ya karɓi rabin kuɗi ya ce kwana uku, sai da ya yi mako uku. Da ya zo kuma, niyyarsa ya tsaga tsakiyar mafitar ya yi mata zurfi ya tafi, ƙasar da ya kwaso kuma ya tura ta kan jinga ya ce ya ƙara mana tsayi kyauta. Na ce a'a. Mafita mai zurfi da ƙunci tana zubar da ruwan da muke so mu ajiye, sannan ta ƙara wa rarar gudu ta ci kanta. Faɗi muke nema, a shimfiɗe. Ƙasar da aka tula ba daɓe kuma ba jinga ba ce, ruwan farko zai tafi da ita, ta kuma ɓoye mana tsagar da ke ƙarƙashinta. Muka yi ta ja-in-ja har sai da na kira abokina ya yi masa magana ta waya.

Yanzu faɗin mafitar mita 12 ne, a kan matakinta na asali. Mun bi bakinta da tiyon lebur taku-taku, don in gefe ɗaya ya fi ƙasa duk ruwan can zai taru ya yi kwazazzabo. Mun karkatar da wutsiyarta nesa da gindin jingar, domin a da rarar takan dawo ta lashi ƙafarta. Jera duwatsu ya rage, mota shida muka saya, biyu suka iso.

15 ga Maris

Azumi ya kai tsakiya, aikin ƙarfi ya tsaya, sai na zauna lissafin ruwa. Dalili kuwa ƙorafi ne ya fara tashi: masu lambu suna cewa shanun Fulani ne ke shanye dam. Na fi son a auna a kan a yi ta zargi.

Mun kafa turke a cikin ruwa, an yi masa zane da fenti kowane santimita 10. Mako biyu muna duba shi, ruwan yana sauka da kusan santimita biyu da rabi kullum. Faɗinsa yanzu wajen hekta biyu, ke nan lita 500,000 ke tafiya a yini. Ina suke zuwa?

Na ajiye daro cike da ruwa a fili, na rufe shi da raga saboda awaki. Kullum yana raguwa da kusan santimita guda. Abokina ya ce daro ya fi tafki saurin ƙafewa, a ɗauki kashi 70 cikin ɗari, wato milimita bakwai. A kan hekta biyu, rana da iska suna shan lita 140,000 kullum. Injin ban ruwa mai inci uku ya cika mana durom mai lita 200 cikin daƙiƙa 25, kusan lita 29,000 ke nan a awa. Inji biyar ne, kowanne yana yin kamar awa biyu, sun tashi lita 290,000. Shanu kuwa ardo ya ce ba su wuce 300 ba, in kowace ta sha lita 30, lita 9,000 ne. Abin da ya yi saura shi ne ke nutsewa ƙasa, rabon rijiyoyi.

Bayan sallar asham na karanta wannan a ƙofar masallaci. Abin da inji ɗaya ke ja a awa guda ya fi abin da garken gaba ɗaya ke sha a kwana uku. Wani mai lambu ya sunkuyar da kai ya ce mesarsa ma a huje take wuri uku. Ardo bai ce uffan ba, amma washegari ya aiko wa Inna da nono. An yi yarjejeniya a riƙa ban ruwa da sassafe ko da yamma, a kuma ɗaure mesoshi.

Lissafin ya koya min wani abu game da buhunan. Ruwan da suke ƙarawa a gefe-gefe yake bazuwa, marar zurfi, wanda rana ke fara shanyewa. Zurfi muke buƙata. Da gora muka auna tsakiya: Baba ya bar mita huɗu, yanzu laka ta cinye fiye da mita guda.

19 ga Afrilu

Wannan shi ne watan aiki na gaske. Ruwa ya janye ya bar ƙafar jingar a bushe.

Manyan bishiyoyin mun sare su, muka tone kututturansu, muka bi saiwoyi masu kauri. Wata saiwar darbejiya, kaurin damtsena, mun bi ta mita huɗu tana nufar ruwa kai tsaye. Da aka zaro ta na zura hannu a gurbinta, sanyi ƙalau, da danshi. Yaya yana tsaye a kaina, bai ce komai ba, sai ya karɓi diga ya ci gaba da tono. Surikan ma mun fasa su har gindi, mun fitar da uwar garar. A ƙarƙashin ɗaya akwai kogo da yaro zai iya tsugunawa a ciki.

Cike ramukan shi ne mai cin rai. Ba a zuba ƙasa a tafi. Ana yanka gefen ramin hawa-hawa kamar matakala don sabuwar ƙasa ta kama tsohuwa, a zuba kauri santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara wani. Ƙasar kuma sai mai yumɓu. Gwajinta a hannu yake: ka jiƙa ta ka murza, in ta yi igiya siririya ba ta karye ba, ta yi. Danshinta kuwa, ka dunƙula ta ta riƙe siffarta ba tare da ta ɓata maka tafin hannu ba. Wani tsohon magini ne ya zama shugaban aikin, mutumin da ya yi shekaru yana daɓen soro, idonsa ya fi tef ɗina. In bai gamsu ba sai ya dangwala dunduniya ya ce, "A sake." Mun yi hayar ƙaramin injin daɓe na kwana biyar, lungunan da ba ya shiga aka bi su da madaɓi. Haka muka cike kwarin shanu. Yanzu daga bakin mafita zuwa kan jinga santimita 125 ne ko'ina, maimakon 55.

Wurin nason, da ni kaɗai ne da yumɓu zan danne shi. Abokina ya hana. Ya ce in ka toshe wa ruwa baki daga baya, taruwa yake yi a cikin jinga ya jiƙa ta, ya nemi wata mafitar da ba ka sani ba. Ana barinsa ya fita, ƙasar ce ake hanawa bin sa. Muka shimfiɗa wankakken yashin rafi kauri santimita 30, muka ɗora tsakuwa, muka danne da duwatsu, muka sa ɗan bututu a ƙasa inda duk ruwan zai taru, don tara kwalba da bokiti.

Yashe laka kuwa ɗan kaɗan muka samu yi. Mun bar tazara mai yawa daga ƙafar jingar, ba mu kuma zurfafa har mu fasa yumɓun da ke riƙe ruwa a ƙasa ba. Manoma suna kwasa da amalanke da jakuna suna kaiwa gona, don taki ce mai kyau. A ƙiyasina mun fitar da abin da zai ba da wurin lita miliyan ɗaya da rabi. Buhunan da aka cire suna riƙe kusan miliyan tara. Da sauran tafiya, kuma Yaya ya san wannan lissafin kamar yadda na san shi.

24 ga Mayu

Wata uwa ta tare ni ta ce ɗanta yana fitsarin jini. Tsargiya ce, kuma ba shi kaɗai ba. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa, ta shiga fatar mai wanka, mai ita kuma ya mayar da ƙwanta ruwa ta fitsari. Mun kai yara tara asibiti an ba su magani. Mun nome kachallar da ke wajen wanka. Hana yaro shiga ruwa a zafin Mayu ba abu ne mai sauƙi ba, amma liman ya yi magana a kai ranar Juma'a. Wannan ma yana cikin abin da dam ɗinmu ke haifarwa, dole in rubuta shi.

28 ga Yuni

Ruwa ya sauka sau huɗu. Mun dasa kirikiri a jikin jingar gaba da baya, jema kuma layi-layi a gefen mafita da bakin ƙoramar da ke shigowa, don ta riƙa tace laka. Mashayar shanu ta kammala, an shimfiɗa mata burji.

Bayan ruwa na uku wata tsaga ta bayyana a inda muka cire bagaruwa, tsawon taku biyar, tana bin tsawon jingar. Gabana ya faɗi. Na aika hoto, abokina ya ce in zura kara in ga zurfinta, in kafa turaku biyu gefe da gefe in riƙa auna tsakaninsu. Zurfin bai kai taƙi ba, kuma kwana shida tazarar ba ta motsa ba. Ya ce sabuwar ƙasa ce ke zama. Wadda ta fi hatsari ita ce mai ratsa jinga daga ruwa zuwa baya. Mun tone ta mun sake daɓewa.

18 ga Agusta

Jiya da daddare aka gwada aikinmu. Ina ƙauye saboda hutun makaranta. Dam ya riga ya cika tun farkon wata. Wajen sha ɗaya hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ƙarfe ɗaya da rabi ni da Yaya da samari biyu muka fita da tocila.

Tun daga nesa muke jin rurin mafitar. Turken da ke bakinta ya nuna santimita 30, bayan rabin awa 40. Mun riga mun yanke cewa in ya kai 70, ko ruwan naso ya canza launi, za a kwashe mutane. Duk da haka na kira mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, ba a kai ga gudu ba, amma a tashi mutane su zauna da shiri." Muna kan jinga muka ga fitilu suna kunnuwa gida-gida.

Na gangara gindi da kwalba, ina zamewa a taɓo. Na tara, na haska, sai na ga ruwan da duhu-duhu. Wallahi ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Yaya ya karɓi kwalbar ya zubar, ya ce, "Tsaya, ruwan saman da ke wanko jinga ne ya shiga." Ya cire hularsa ya kare bakin bututun, ya ɗauraye kwalbar ya sake tarawa daga can ciki. Garau. Muka sake sau uku, garau. Bokiti ya cika a daƙiƙa 70, ya ɗan fi na bara sauri, amma ruwan ma ya fi tsayi. Turke ya tsaya a 45, wajen ƙarfe uku ya fara sauka.

Da safe gwangwanin awon ruwa ya nuna milimita 84. In kashi 40 cikin ɗari ne ya gangaro, lita miliyan 40 ke nan, kwatankwacin cikin dam ɗin gaba ɗaya a zamanin Baba, suka shigo a dare ɗaya a kan dam da ya riga ya cika. Abokina ya ce da tsohuwar mafita ce da buhunanta, da ruwan ya bi ta kwarin shanu.

Ba mu fita ba asara ba. Wutsiyar mafitar, inda duwatsu suka ƙare mana, ta zaizaye ta yi rami zurfin mita guda. Yashi kuma ya binne kusurwar masarar wani maƙwabci. Mun je mun same shi, mai unguwa zai sa a ƙiyasta mu biya.

20 ga Satumba

An cike ramin da buhunan ƙasa na wucin gadi, sai rani za a jera duwatsu yadda ya kamata, da ɗan kududdufin dutse a ƙarshe don ya karya ƙarfin ruwan. Kuɗin masara an biya. Naso garau, bokiti daƙiƙa 85. Gafiya ta sake haƙa rami biyu a gefen dama, an cike su. Kirikiri ya rufe jingar, saura wani yanki da awaki suka cinye.

Jiya Yaya ya same ni da magana. Ya ce tun da yanzu akwai tazarar santimita 125, kuma damina na shirin ɗaukewa, mu mayar da buhu hawa ɗaya a watan Oktoba, a cire kafin Yuni. Masu lambu uku sun riga sun tambaye shi ko ruwa zai kai su Afrilu. Ban ce masa a'a nan take ba, don buƙatar ta gaske ce. Amma na gaya masa abin da ke damuna: ƙarin tsayin ruwa ƙarin matsi ne a kan wurin nason, ramukan da muka cike damina ɗaya kawai suka gani, kuma buhunan da muka kwashe a Janairu su ma da niyyar cirewa kafin Yuni aka jera su. Abokina yana ganin a jira shekara guda ana auna naso, in bai canza ba sai a zana ɗan dakalin siminti a bakin mafita a kan lissafi. Kafin nan a ƙara yashe laka, a kuma rage awannin inji.

Na ce da Yaya ba mu biyu za mu yanke ba. Asabar mai zuwa za mu koma wajen mai unguwa, a kira masu lambu da magidantan gida 17 ɗin nan su zauna tabarma ɗaya. Zan tafi da littafin awo da kwalbar.